Tsatsa a Garkuwar Gefen Mota: Nazari Kan Ƙarfen da Aka Ƙera Don Ya Sha Gurza

A cikin ƙarafan da ake ƙara wa motar hawan duwatsu, babu wanda ya kai garkuwar gefe shan wuya. Dogon ƙarfe ne da ke kwance a ƙarƙashin ƙofofi, daga bayan tayar gaba zuwa gaban tayar baya, ƙafafunsa manne da shasi. Idan mota ta hau dutse za ta sauko, kafin dutsen ya kai ga siririn kwanon da ke ƙasan ƙofa ya lotsa shi, sai ya ci karo da wannan ƙarfe, motar ta zame a kansa ta wuce. Wanda bai san harkar ba zai ɗauka matakala ce. Matakala nauyin mutum ɗaya take ɗauka. Garkuwa kuwa ana so ta tallafi gefen motar ɗungurungum, har a kafa jak a jikinta a ɗaga ba ta lanƙwashe ba.

Inda wannan ƙarfe ya fi kasuwa shi ne Amurka, sai ƙasashe irin su Ostareliya. A tsaunukan Sierra Nevada na jihar Kaliforniya akwai hanyar Rubicon, kilomita 35 na tsaurin dutse, wadda masu Jeep ke taruwa su ratsa kowace shekara tun 1953. A Moab ta jihar Utah, inda dutsen ja ne mai kaushi, ana irin wannan taro lokacin Ista tun 1967. Irin waɗannan hanyoyi su suka tsara siffar garkuwar da ake sayarwa yau: bututu mai faɗin inci 1.75, kaurin bangonsa inci 0.120, wato milimita 3 da ɗan ɗoriya, haɗe da wani ƙarfe mai kusurwa huɗu wanda kaurinsa kan kai milimita 4.8. Kusan duka baƙin ƙarfe ne, irin wanda ke karɓar walda cikin sauƙi, yake lanƙwasa kafin ya karye, yake kuma tsatsa da zarar ya ga ruwa.

A nan matsalar take. Duk dabarar hana tsatsa da aka saba da ita ta ginu ne a kan raba ƙarfe da ruwa da iska ta hanyar lulluɓe shi. Garkuwa kuwa aikinta shi ne a kankare mata lulluɓin. Mota mai nauyin tan biyu ta kwanta a kan tsinin dutse ta ja jiki, babu fentin da zai tsira, komai tsadarsa. Saboda haka tambayar da masu motoci suka fi yi, wato wane fenti ne dutse ba ya ci, tambaya ce da ba ta da amsa. Abin da wannan nazari ke son nunawa shi ne, jan tabon da ke fitowa a inda dutse ya gurza shi ne mafi ƙarancin haɗari a duk tsatsar da ke cin garkuwa, kuma kuɗi da lokacin da ake kashewa wajen yaƙi da shi sun fi amfani a wuraren da ido ba ya kaiwa.

Yadda ƙarfe ke ruɓewa

Tun 1903 wani masanin kimiyya Ba'amurke, Willis Whitney, ya bayyana cewa tsatsa aikin lantarki ce. Idan ruwa ya kwanta a kan ƙarfe, wani ɓangare na ƙarfen yana narkewa cikin ruwan, ya saki lantarki, lantarkin ya bi jikin ƙarfen zuwa wani ɓangare inda iskar oksijin ke karɓarsa. Abin da ya narke ya haɗu da abin da aka samar a can, sai jan garin nan ya fito. Ke nan sai abu uku sun haɗu: ƙarfe, ruwa, da oksijin. A cire ɗaya, aiki ya tsaya.

Wanda ya nuna inda ɓarnar ke sauka shi ne Ulick Evans na Jami'ar Cambridge, a shekarun 1920, da wani gwaji da yaro ɗan sakandare zai iya maimaitawa. Ya ɗiga ɗigon ruwan gishiri guda a kan gogaggen ƙarfe, bayan ya zuba wa ruwan sinadarai biyu masu sauya launi: ɗaya yana yin shuɗi a inda ƙarfe ke narkewa, ɗaya yana yin ja-ja a inda oksijin ke karɓar lantarki. Da farko launukan suna fitowa a warwatse, ɗigo-ɗigo. Bayan ɗan lokaci sai su rabu. Shuɗin ya taru a tsakiyar ɗigon, inda ruwa ya fi zurfi iska ta fi wuyar shiga. Jan ya koma baki-baki, inda ruwan ya yi siriri. Tsakaninsu kuma zoben tsatsa ya kewaye. Tsakiyar ce ke ramewa. Wurin da ya fi samun iska ya tsira, wurin da aka toshe wa iska shi aka ci.

Wannan ɗigo guda ya isa ya bayyana kusan duk abin da ke faruwa da garkuwar gefe. Wurin da dutse ya kankare a fili yake, iska na dukansa, rana na busar da shi, gobe wani dutsen ya sake goge shi. Ƙarƙashin busasshiyar laka, da tsakanin faranti biyu da noti ya matse, da bayan fentin da ya ɗago bai faɗi ba, su ne tsakiyar ɗigon.

Ruwan da ake magana ba lallai ne a gan shi ba. A shekarun 1930 wani masanin Ingila, W. H. J. Vernon, ya nuna cewa akwai wani mizani na danshin iska, wajen kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari, wanda ƙasa da shi ƙarfe kusan ba ya tsatsa, sama da shi kuwa abin yana tashi da sauri. Gishiri yana rushe wannan ƙa'ida, domin yana jawo ruwa daga iska da kansa. Gishirin miya yana fara jiƙewa idan danshi ya kai kashi 75. Wasu gishirai biyu da ake watsawa a tituna, na magnesiyam da na kalsiyam, suna jiƙewa tun danshi na wajen kashi 30 da 'yan kai. Mota tana iya kasancewa a kulle cikin gareji, ƙasa a bushe, amma ƙarfenta a jiƙe yake. Amurka kaɗai tana zuba kusan tan miliyan 20 na gishiri a titunanta kowace shekara don narkar da dusar ƙanƙara, al'adar da jihar New Hampshire ta fara gwadawa a 1938. Shi ya sa garkuwa iri ɗaya, daga maƙera ɗaya, za ta shekara goma a Arizona da ɗan ja-ja kawai, 'yar'uwarta a Michigan ta fara zubar da ɓawo tun ba a je ko'ina ba.

Lissafi ma yana goyon bayan wannan. Ma'aunin ƙasa da ƙasa mai lamba ISO 9223 ya kasa yanayin wurare gwargwadon yadda suke cin ƙarfe. A wuri mai matsakaicin yanayi, ƙarfen da ba a lulluɓe ba yana rasa maikiron 25 zuwa 50 a shekarar farko, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. A bakin teku ko wuri mai gishiri sosai, asarar tana kaiwa 80 zuwa 200. Bangon bututun garkuwa maikiron 3,000 ne. Ko da an bar shi tsirara a wuri mafi muni na waɗannan biyun, kuma cin bai ragu ba, sai ya shekara 15 kafin ya ƙare. A matsakaicin wuri kuwa sai motar ta riga shi mutuwa. To me ya sa ake samun garkuwar da ta huje cikin 'yan shekaru? Domin waɗancan alƙaluma na ƙarfen da ke fili ne, wanda ake ci bai-ɗaya. Tsatsar saƙo ba ta bin wannan lissafi. Rami take haƙawa.

Wuraren da ba a dubawa

A kwance notin garkuwar da ta shekara huɗu ko biyar a ƙasar gishiri, a janye ta daga shasi, a dubi inda farantin ya zauna. Kewayen wurin fenti na nan lafiya. Daidai siffar farantin kuwa, baƙin tabo ne mai kumburi, wanda idan aka sa bakin sukundireba yake ɓarewa falle-falle, kowane falle da ɗan danshi a bayansa, ƙasansa kuma ƙarfe ya yi ramuka-ramuka. Ruwan gishiri ya kutsa ta siririn saƙon da ko takarda ba ta shiga, ya kasa fita, oksijin ɗin ciki ya ƙare, ruwan ya yi tsami, gishirin ya ƙara taruwa. Ita tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta ci girma, ninki biyu har zuwa shida, gwargwadon irinta. Tana girma tana tura farantin, saƙon yana buɗewa, ƙarin ruwa yana shiga. Ƙarfin wannan turi yana lanƙwasa faranti, yana iya tsinke noti.

Abin lura shi ne, ɓangaren da ya fi jin jiki a wannan haɗuwa ba garkuwar ba ce. Farantinta mai kauri ne, kuma ko ya lalace a sayi wani. Bangon shasi ya fi siriri, kuma shi ne ƙashin bayan motar. Wanda yake ganin tsatsar shasi ƙaramin abu ce ya tuna cewa a 2016 kamfanin Toyota ya amince da sasanci a kotun Amurka wanda aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4, a kan motoci kusan miliyan ɗaya da rabi ƙirar Tacoma da Tundra da Sequoia da masu su suka ce shasinsu na ruɓewa da wuri. Ƙarfen da aka ɗaura don ya kare ƙasan ƙofa, idan ba a kula ba, shi ne zai zama silar cin abin da ya fi ƙofar daraja.

Masu harkar sun daɗe suna gardama a kan ko a ɗaure garkuwa da noti ko a yi mata walda a jikin shasi. Ta fuskar ƙarfi kowanne yana da hujja. Ta fuskar tsatsa kuwa, a ganina na noti ya fi, da sharaɗin za a riƙa kwance shi. Walda tana rufe saƙon, idan an kewaye farantin gaba ɗaya ba a yi ta tsalle-tsalle ba, amma zafinta yana ƙona fenti da kakin da ke cikin shasin, a bayan inda aka yi ta, wurin da burushi ba ya shiga. Mai walda ya fente waje ya yi kyau, ciki kuwa tsirara. Na noti shi ma yana da nasa laifin idan sai an huda shasi, domin bakin kowane huji ɗanyen ƙarfe ne da ya kamata a shafe kafin a zura notin. Akwai kuma masu sauya notin da na ƙarfen da ba ya tsatsa, suna ganin sun yi dabara. Irin wanda aka fi samu a kasuwa, mai alamar A2-70, ƙarfinsa 700 ne a ma'aunin da notin shasi mai alamar 10.9 yake da 1,000. Ga rauni, ga shi kuma haɗuwarsa da baƙin ƙarfe cikin ruwan gishiri tana ƙara cin baƙin ƙarfen da ke kewaye da shi. An gudu ba a tsira ba.

Cikin bututun shi ma wani labari ne. Bututun da aka toshe ruf, babu ko hujin allura, ba ya tsatsa ta ciki sai kaɗan, domin da zarar ɗan oksijin ɗin da aka kulle ya ƙare, shi ke nan. Wanda aka bari a buɗe da ramukan tsiyaye a ƙasa yana jiƙewa ya bushe. Mafi muni shi ne na tsakiya, wanda ake zaton a toshe yake alhali akwai ɗan huji a walda. Rana ta gasa shi, iskar ciki ta kumbura ta fita; mota ta faɗa rafi, ƙarfe ya huce nan take, ya zuƙi ruwa ta hujin. Ruwan ba shi da hanyar fita. A ƙasashen sanyi yana daskarewa ya tsaga bututun. A ko'ina kuwa yana kwance a ƙasan ciki yana ci, waje na ƙyalli. Maƙeri ya zaɓi ɗaya: ko ya toshe ya gwada da iska ya tabbatar, ko ya huda ƙasa a wurare mafi gangare ya fesa kaki a ciki.

Jinya

Idan tsatsa ta riga ta kama, kuskuren da aka fi yi shi ne a fara da burushin waya. Wanki ne farko, da ruwa mai yawa, a fitar da laka da gishiri, sannan a cire maiƙo. Dalili kuwa, a cikin nau'o'in tsatsa akwai wanda ke riƙe gishiri a cikin ƙwayoyinsa, kuma gindin kowane rami ma'ajiyarsa ce. Wanda ya goge sama ya fente ya binne gishirin ne a ƙarƙashin fenti, inda zai jawo danshi ta jikin fentin, ya tayar da ƙuraje cikin 'yan watanni. Burushin waya a kan injin gurza yana da wata yaudara: yana goge tsatsar ta yi baƙi tana sheƙi, mutum ya ɗauka ya kai ga ƙarfe. Bai kai ba, kuma ya mayar da wurin sulɓi, fenti ba zai kama ba. Faifan sanfefa ya fi shi. Abin da ya fi duka shi ne feshin tsakuwar gurza da iska mai ƙarfi, wanda ke shiga ramuka ya kuma bar ƙarfen da ɗan kaushin da fenti ke riƙewa. Sai dai ba da yashin rafi ba. Ƙurarsa tana kashe huhu, kuma Ingila ta hana wannan aiki da yashi tun wajen 1950.

Sabuwar garkuwa ma tana buƙatar wannan gurza. Baƙin ƙarfe yana fitowa daga masana'anta da wani siririn ɓawo mai ruwan toka-shuɗi, wanda mutane ke ɗauka kariya ce. Ɓawon yana tsagewa, kuma a duk inda ya tsage yana sa ƙarfen da ke ƙasa ya ciwu da sauri. Haka ma kashin walda da 'yan ƙwayoyin da ke fallatsa: duk sai an kankare.

Akwai magungunan da ake shafawa don su juya tsatsa ta zama wani abu. Iri biyu ne. Ɗaya asid ɗin fosfarik ne, mai mayar da ita wani farin-toka mai kama jiki. Ɗaya kuwa sinadarin tanin ne na tsirrai, mai mayar da ita baƙi-shuɗi. Wannan na biyun ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa: idan baduku ya shafa kuloko, wanda ake haɗawa da ƙarfe, a kan fatar da aka jeme da bagaruwa, ta yi baƙi ƙirin, haɗuwar ƙarfe da tanin ce, ita ce kuma ke cikin kwalbar da ake sayarwa da tsada. Masu adana kayan tarihi suna amfani da ita a kan tsoffin ƙarafa. Amma iyakarta a bayyane take. Saman tsatsa kawai take juyawa; mai kauri, ƙasanta na nan yadda yake, da gishirinsa. Wurinta shi ne ragowar da ta maƙale a ramuka bayan an gurza, kuma dole a rufe ta da fenti. Ruwan batir da asid ɗin wanke tayil kuwa, waɗanda wasu ke zubawa saboda suna cin tsatsa a gaban ido, suna barin abin da ya fi wanda suka cire muni.

Ƙarfen da aka gurza ba ya jira. A wuri mai danshi yana fara ja cikin sa'o'i, don haka a ranar ake shimfiɗa fentin farko. Ƙa'idar masu fentin gadoji da jiragen ruwa ita ce kada danshin iska ya wuce kashi 85, kuma ƙarfen ya fi ma'aunin saukar raɓa ɗumi da digiri 3. A sauƙaƙe, ba a fenti da sassafe a kan ƙarfe mai sanyi.

Wane lulluɓi

Fentin gari da ake gasawa shi ne ya fi farin jini, domin shi ya fi kyau a ranar da aka ɗauko kaya. Ana fesa garin da lantarki, ya manne, a gasa a tanda mai zafin digiri 180 zuwa 200, ya narke ya zama fata guda mai tauri. A kan ƙarfen da aka gurza, aka yi wa shimfiɗa mai tutiya, yana daɗewa. Amma garin ba ya son shiga lungu, saboda yadda lantarkin ke ja, sai ya yi siriri a kusurwoyin walda, daidai inda aka fi buƙatarsa. Kuma idan dutse ya fasa shi, taurin nasa ya zama aibi: bakin fashewar yana ɗagowa kaɗan, ruwa ya shiga, tsatsa ta yi ta tafiya a ƙasa fatar na riƙe da siffarta, har ranar da za a ɓare ta da yatsa kamar tafin hannu guda. Ba a kuma gyara shi a gida da irinsa. Kakkauran fentin nan mai kama da roba da ake zuba wa bayan a-kori-kura ya fi wannan ɓoye ɓarna, ga shi yana kama dutse maimakon ya zame.

Tsoma ƙarfe cikin narkakkiyar tutiya, dabarar da Bafaranshe Stanislas Sorel ya yi wa rajista a shekarun 1830, ita ce ta fi kowacce dacewa da ilimin da aka bayyana a sama. Irin ta kwanon rufi ce, sai dai ta fi kauri. Ana tsoma garkuwar cikin tutiya mai zafin digiri 450, ta shiga ciki da waje, ta haɗe da ƙarfen, ta bar kaurin da ma'aunin ISO 1461 ya sa a maikiron 70 ga ƙarfe mai kaurin milimita 3 zuwa 6. Tutiya tana ciwuwa a hankali ƙwarai, maikiron 1 zuwa 2 a shekara a matsakaicin wuri, kuma idan aka yi ƙarci ita ke narkewa a madadin ƙarfen da ya bayyana. Wannan fansa tana kaiwa 'yan milimita ne kawai daga bakin ƙarcin, saboda haka faffaɗan gurzar dutse zai yi ja duk da haka. Ba komai. Cikin bututu da bayan faranti sun samu abin da babu fentin da zai ba su. Sharaɗinta shi ne a huda ramukan shaƙa kafin a tsoma, domin rufaffen bututu yana fashewa a cikin tukunyar, kuma dogon ƙarfe yana iya ɗan karkacewa da zafi. Wanda zai yi walda a kanta daga baya ya gurje tutiyar tukuna, hayaƙinta yana sa zazzaɓi.

Da yawa daga tsoffin hannu a wannan harka suna sayen garkuwa tsirara, su gurza, su shimfiɗa fentin ifoksi ko mai tutiya, su bi da baƙin fentin gwangwani mai araha. Bayan kowace fita, a wanke, a goga sanfefa a inda aka kankare, a fesa, minti goma an gama. Wanda ke auna fenti da taurinsa zai raina wannan. Ni ina ganin su suka fahimci abin. Tunda lulluɓin zai fashe ko ana so ko ba a so, darajarsa tana ga sauƙin ɗinke shi da kuma yadda yake nuna ɓarna da wuri. Alƙaluman da masu sayar da fenti ke bugawa, cewa ya jure sa'o'i kaza a ɗakin feshin gishiri, daga gwajin ASTM B117 suke, wanda aka kafa tun 1939. A can ana jiƙa ƙarfe ba tsayawa a digiri 35. Babu bushewa, babu rana, babu dutse. Masana tsatsa sun daɗe suna cewa sakamakonsa ba ya faɗin abin da zai faru a titi.

Ga saƙo da lungu kuwa, abin da ba ya bushewa ya fi abin da ke bushewa. Man gashin tumaki da kakin da ake fesawa cikin ramukan mota suna kutsawa tsakanin faranti da shasi, su kori ruwa, kuma ba sa tsagewa. Ruwan titi yana wanke su a fili, shi ya sa a ƙasashen gishiri ake sabunta su kowace shekara kafin sanyi. Baƙin mai da ake shafawa a garejinmu yana ɗan yin wannan aiki, amma yana kumbura roba, yana tara yashi, kuma illa ne ga fatar mai shafawa. Su kuwa ƙananan akwatunan lantarki da ake liƙa wa batir da sunan hana tsatsa, sun ari sunan wata dabara ce ta gaskiya, wadda Humphry Davy ya gwada a jiragen ruwan Ingila a 1824. Dabarar tana aiki ne idan ƙarfen yana nutse cikin ruwa ko ƙasa mai laima da lantarki zai bi. Mota a kan taya take, cikin iska.

A ƙasarmu lissafin ya ɗan bambanta. Daga Kano zuwa Agadas, rabin shekara danshin iska yana ƙasa da mizanin Vernon, da hunturu ma yakan faɗo ƙasa da kashi 20 da rana, kuma babu mai zuba gishiri a titi. Land Cruiser da Hilux da ke bin hamada yashi ne ke cin fentinsu, ƙarfen ya yi fari bai yi ja ba. Haɗarin yana zuwa ta hanya biyu. Ɗaya lakar damina ce da ke cushewa a saman faranti da tsakanin ƙafafun garkuwa, ta riƙe laima makonni bayan sama ta ɗauke. Masu wankin mota kuma jiki suke wankewa, ba sa leƙa nan sai an ce su leƙa. Ɗaya kuwa motocin da ake saukewa a Kwatano da Legas bayan sun yi shekaru a arewacin Amurka ko Kanada. Gishirin can yana nan a saƙonsu, ya yi barci da rani, ya farka a watan Agusta. Irin wannan mota, idan ta zo da garkuwa a ɗaure, sabon baƙin fenti a ƙasanta dalilin ƙara bincike ne. A ƙwanƙwasa bututun da ƙaramar guduma daga wannan baki zuwa wancan, musamman ta ƙasa: lafiyayye yana amsawa da ƙara mai kaifi, wanda ya ciwu ta ciki yana amsawa a dushe, wani lokaci a ji garin tsatsa na zuba a ciki. A kwance ko da faranti ɗaya ne a ga bayansa. Idan bakin guduma ya lotsa bututu, ko walda ta tsage a gindin ƙafa, ba a toshe wannan da bodi-fila; yankewa ake yi a sa sabo. Kafin a kunna walda a wurin, a kare bututun mai da na birki da ke bin jikin shasi, a goge duk kakin da aka fesa domin yana kama wuta, kuma kada a wanke ƙarfen da maganin wanke birki mai sinadarin kulorin, wanda zafin walda ke mayarwa iskar fosjin, gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya.